Motar Hashimu Tana Rodaji

Tawa, 2 ga Afrilu

Zuwa ga taubashina Hashimu, ɗan Gwaggo Kaltumi, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa kaji buɗe baki tun hantsi. Albasa ta yi kyau bana, masu saye ne suka yi rowa.

Barka da arziki. Motarka ta iso, kuma tun da nake ban taɓa ganin mota mai tarbiyya irinta ba. Sati uku ke nan tana gidan Dodo, mijin ƙanwarka Zainabu. Ba ta fita, ba ta gaida kowa, ba ta yarda rana ta gan ta. Amarya ma kwana bakwai take yi a ɗaki ta fito, wagga ta fi amarya kunya. An manna mata takarda a gilashin baya da faransanci, wai tana rodaji. Dodo ya fassara mini, ko da yake ni ma na zauna lakwal, na yi boko. Ya ce sabon inji kamar sabon takalmi ne, sai an lallaɓa shi ya saba da tafiya, kuma wannan sai ya cika kilomita dubu uku kafin ya taka hanyar Affala. Na ce madalla, ilimi ya ƙaru.

Sai dai ina tuna maka, ranar sunan ɗan Zainabu da aka sa ka a waya kowa na ji, cewa ka yi don Gwaggo ka sayi motar, don kada ta ƙara hawa motar kasuwa da wannan ciwon bayan nata. Mata har guɗa suka yi.

To ga maganar. Yanar ido ta rufe wa Gwaggo ido biyu. Ran Juma'a na je Affala, da murya ta gane ni. Likitocin ido za su sauka Tawa daga 13 zuwa 15 ga Mayu, kwana uku kawai. An gaya mini wanda ya zo ranar farko ana yi masa ido ɗaya, a yi masa ɗayan ranar ƙarshe. Wanda ya makara, abin da ya samu ke nan. Tsakanin Affala da asibiti bai kai kilomita arba'in ba. Na gaya wa Dodo, ya ce rodaji.

Ni shekara ashirin ina saye da sayar da albasa. Duk wanda ya ce maka kada ka kwance bakin buhu tukuna, to ruɓa na ƙasa. Mai sayar da mai a kwalabe can kwanar Garkawa ya ce kullum Dodo na ɗaukar kwalba uku. Motar da ba ta fita, me take yi da mai, ko shayi take dafawa da shi? Ƙofar gidan kuma kullum a rufe, gidan da da ko akuya ba ta sallama. Ban ce yana haya da ita zuwa Bambeye ba. Na ce dai ya sayi sabuwar hula.

Na rubuto a takarda ta hannun Almoustapha, direban kamiyon albasa, don na san halinka da saƙon murya, a tsakiyar shago kake buɗewa har masu dako su sa baki.

Ka gaida mutanen gida.

Taubashiyarka,
Raƙiya

*

Abijan, 14 ga Afrilu

Zuwa ga Raƙiya ɗiyar Kawu.

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Muna lafiya, ruwa ya fara sauka a nan. Takardarki ta iso tana warin albasa, sai da na shanya ta a kan kanta kafin in iya karantawa.

Ki sauke zarginki daga kan Dodo. Tun muna kiwon awaki a Affala, in ka ba shi ajiyar dabino bakwai, bakwai za ka tarar, har da wanda tsutsa ta ci. Hular ma ni na aika masa. Abin da ya gaya miki gaskiya ne. Akwai wani tsohon makanike kusa da shagona, ya shekara arba'in cikin inji, ya ce sabon ƙarfe yana da kaifi a ciki, sai ya goga da ɗan'uwansa a hankali ya kwanta. In aka jefa shi cikin yashi da duwatsun Adar tun bai kwanta ba, zai yi ta shan mai kamar raƙumi har ranar da za a sayar da shi. Wannan ba maganar kasuwa ba ce, maganar masu sani ce.

Na lura da wani abu kuma. Takardarki da albasa ta fara, da albasa ta ƙare, idon Inna yana tsakiya kamar tsarabar da aka cusa. Na kuma san lambunan da kike saye ba su da nisa da hanyar Affala. Ba zarginki nake ba, taubashiya, karatu kawai na yi. Amma ki sani motar nan ba ta ɗaukar buhu, ko na kyauta.

Batun Inna, irin waɗannan likitoci ba yau suka fara zuwa ba, ba kuma daga wannan za su daina ba. Ina tafe da Babbar Salla in Allah ya yarda. Ni da kaina zan kai ta Yamai wurin babban likita, ba layin kyauta ba. Ta yi shekara uku da yanar nan, wata biyu ba zai ƙara mata komai ba. A ci gaba da ɗiga mata magani.

Ki bar motar ta gama abin da take yi.

Naki,
Hashimu

*

Tawa, 27 ga Afrilu

Hashimu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yara lafiya. Gwaggo ba lafiya ba, zan zo kanta.

Da farko ina neman gafarar Dodo, kuma kai ne shaida. Ran Talata da hantsi na ɗauki kwanon tumatir na ce na kawo wa Zainabu, na tura ƙofa ban jira amsa ba. Ga abin da na tarar. Motarka a ƙarƙashin rumfa, an buɗe mata baki, injin yana ta gunji. Fanka biyu a gabanta suna yi mata fifita, har da ta ɗakin Zainabu, ita kuwa tana zaune a gindin bango tana fifita da murfin tukunya. Dodo a kan tabarma, carbi a hannun dama, agogo a hannun hagu.

Na ce, “Dodo, me ake dafawa?”

Ya ce, “Rodaji ne, Raƙiya. Awa ɗaya da safe, awa ɗaya da la'asar.”

Ka san aikinsa gyaran babura ne. In ɗan kabu-kabu ya sayo sabon babur, haka suke yi masa, a ɗora shi a kan ƙafarsa, a kunna, a sa masa fanka, a bar shi ya yini yana kuka. Abin da ya iya ke nan, shi ya yi wa motarka da zuciya ɗaya. Nan kwalba ukun take tafiya.

Na leƙa kwantar, wannan agogon da ke ƙirga kilomita. Sittin da uku. Na tambaye shi nawa ta nuna ranar da aka sauke ta. Ya ce hamsin da takwas. Wato cikin sati bakwai ta yi kilomita biyar, daga inda aka sauke ta zuwa gida. Na ce, “To yaushe za mu kai dubu uku?” Ya ce, “Kwantar ba ta ƙirga na tsaye, amma injin ya sani.” Da wannan tafiyar, jikokin jikokin Gwaggo ne za su ga ƙarshen rodajin.

A akwatin gaba na sami littafin motar, ko ledarsa ba a yage ba. Na yage. Na sa tabarau na bi shi layi layi, inda faransancina ya gaza na kai wa wani malamin makarantar koyon sana'a da ke sayen albasa wurina. Littafin ya ce a kilomita dubu ɗaya na farko kada a take mai har ƙasa, kada a ci birki da ƙarfi ba dalili, kada a daɗe a kan gudu ɗaya, kada a ja wata mota a baya. Shi ke nan. Na duba gaba da baya, babu inda ya ce kada a ɗauki tsohuwa. Akwai ma inda ya ce kada a bar injin yana aiki a tsaye na dogon lokaci.

Malamin ya yi dariya har ya dafa buhu. Ya ce makanikenka bai yi ƙarya ba, amma maganar motocin zamanin kakanninmu yake yi. Na yanzu tun a masana'anta ake goge ƙarfensu ya yi sumul, a gwada su, abin da ya rage ɗan lallaɓawa ne a kan hanya. Ya ce in ana neman rodaji mai kyau, babu kamar a je Affala a hankali, a hau tudu a sauka kwari, da tsohuwa a baya tana cewa direba ya rage gudu.

To Dodo ba ɓarawo ba ne. Amma na koma rumfata da wata ƙaya a ƙafa. Dubu uku ba ta cikin littafin. Ba ta kuma cikin kan Dodo, mutumin da rodajinsa yini ɗaya ne. Wani ne ya ba shi lambar nan, kuma ya zaɓe ta da girma, yadda ba za ta cika ba sai ranar da ya ga dama. Na tambaye shi wa ya faɗa masa, ya duƙar da kai ya ce amana ce.

Batun albasa, na gode da karatun. Albasata kamiyo take hawa har Abijan, an yi mata shimfiɗa an rufe ta da tampol. Ta fi uwarka gata.

Ran Asabar Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauki ludayi, ba ta ga bakin tukunya ba, kunu mai zafi ya zube mata a ƙafa. Fatar ta saɓule daga idon sawu zuwa yatsu. Ta hana a gaya maka, wai kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane. Wannan shi ne abin da wata biyu ba zai ƙara ba.

Na kira ka sau huɗu, an ce babu rezo. Rezon Abijan yana da wayo, ya haddace lambata.

Saura kwana goma sha shida.

Raƙiya

*

Abijan, 9 ga Mayu

Raƙiya,

Ina gaisuwa. Jiya takardarki ta zo hannuna. Yaya ƙafar Inna? Wallahi ban sani ba.

Ni na ba Dodo lambar nan ta kilomita dubu uku. Makaniken nan dubu ɗaya ya ce, ni na ƙara biyu.

Ke ba ki yi bida a ƙasar mutane ba, ba za ki gane ba. Shekara goma sha takwas da suka wuce na bar Affala a saman buhunan gero, a bayan motar kasuwa, ina riƙe da takalmina kada ya faɗi. Akwai waɗanda suka tsaya a bakin masallaci suna cewa wannan ko Konni ba zai wuce ba. Wasunsu suna nan da rai. Abin da na so shi ne jajibirin Salla in shiga garin ina tuƙi, Inna a gefena, mota fes yadda ta fito. In Dodo ya riga ni shiga da ita, ko sau ɗaya ne, har abada sunanta motar Dodo. Kin san mutanenmu. Na ɗauka wata biyu ba wani abu ba ne.

Yau da safe na kira shi, na ce ran 12 ya je Affala ya ɗauko Inna, ya tafi a hankali. Ya ce ya ji. Ki shirya mata filo saboda bayan.

Ban iya gaya miki wannan a waya ba, shi ya sa ban ɗauka ba. In kin karanta ki yage takardar. Kada Inna ta ji.

Ɗan'uwanki,
Hashimu

*

Tawa, 24 ga Mayu

Taubashi,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Ƙafar Gwaggo ta fara bushewa. Takardarka ta ran 9 shekaranjiya ta iso, an tsare su Almoustapha a kan iyaka. Wato ta same ni mako guda bayan likitoci sun naɗe kayansu. Ban yage ta ba. Takarda irin wannan ba kullum ake samunta ba.

Abin da ya faru ran 12 ka ji rabinsa da kunnenka, bari in ba ka rabin da ido ya gani. Zainabu ce ta gaya mini ka kira, sai na je da filo da butar ruwa. Na tarar da Dodo a kan tabarmarsa, injin na gunji.

Na ce, “Hashimu bai kira ka ba?”

Ya ce, “Ya kira.”

Na ce, “To tashi mu tafi.”

Ya ce, “Ranar da ya ba ni amanar nan ya ce, Dodo, mata za su taso ka, in sun gaza su taso ni. Ko ni da kaina na kira ka na ce ka fitar da ita, kada ka yarda sai ka gan ni da idonka. Har ya sa na rantse.”

A nan ne na kira ka da wayar Zainabu, tunda rezo bai haddace tata ba. Ka tuna yadda ka yi ta ihu kana cewa ka janye, ka janye. Abin da ba ka gani ba, duk ihun da ka ƙara, Dodo sai ya gyaɗa kai ya dube ni ya ce, “Kin ji ko? Haka ya ce zai yi.” Idonsa kuwa ya cika da hawaye, don surukarsa ce, yana kuma son ta. Ya ce in ɗauki babur ɗinsa, in ɗauki shagonsa duka, amma rantsuwa rantsuwa ce, kuma ban da haka injin bai nuna ba tukuna. Ka zaɓi mai amana, Hashimu, na yaba maka. Ka ɗaure buhu da kyau har kai ma ka kasa kwancewa.

Ran 13 na sami mai taksi a gari, ya yarda, muka kai bakin kwarin farko ya ga yashi ya ce shi nan ya tsaya. Ran 14 na hau kabu-kabu na je Affala na kwana. Ran 15 da asuba muka sami wata tsohuwar a-kori-kura da ke kawo raguna kasuwa, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Direban ya yi mutunci ya ba mu gaba. Gwaggo tana tsakanina da shi, ƙafarta a naɗe a kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai ta ciji gefen mayafinta. Sau ɗaya ta yi magana, ta tambayi direban ko tasa motar ta gama rodaji. Ya ce, “Iya, wannan ta gama komai.”

Mun isa dab da azahar, muna cikin na ƙarshe. An yi mata idon dama. Na hagu sun ce sai sun dawo, kuma babu wanda ya san yaushe. Yamai ɗinka muna saurare.

A gidan Zainabu ta sauka. Da la'asar tana kwance da bandeji sai ta ji gunji a tsakar gida, ta tambaya ko Dodo ya sayi injin niƙa. 

Washegari aka cire bandejin. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Raƙiya, kin tsufa.” Ka ga amfanin likita. Da muka koma gida ta ce a kai ta ta ga motar ɗanta. Dodo ya yaye tampol. Ta zagaya ta da sanda, tana karkata kai kamar kaza, don idon ɗaya ne. Ta ce, “Ashe fara ce.” Aka buɗe mata ƙofa, ta shafa kujerar gaba, leda ta yi ƙara a ƙarƙashin hannunta. Dodo ya kai hannu zai yage ledar don ta zauna ko na minti ɗaya, tunda zama ba fita ba ne. Ta riƙe hannunsa.

Ta ce, “Bar masa abinsa. Yana ɗan shekara tara ubansa ya sayo masa takalmin Salla. A ka ya ɗauko shi tun daga gida, ƙaya na sukarsa, bai sa ba sai da ya kai gaban masallaci inda mutane suke. Ku rufe ta, kada ta yi ƙura kafin ya zo.”

Ba ta zauna ba. Ni kuwa ban gaya mata komai ba, lokacin takardarka ma tana kan iyaka. Da ido ɗaya ta karanta abin da ni na sha wata biyu ina bi da ido biyu da tabarau.

Ta koma Affala ran Laraba, a a-kori-kurar nan dai, ita ta zaɓa. Kwantar tana nan a sittin da uku. Malamin nan ya ce ka canja mata man inji da zarar ka iso, wai zaman da ta yi tana gunji ya fi tafiyar Affala goma gajiyar da ita. Dodo bai yarda ba, har yanzu awa ɗaya da safe, awa ɗaya da la'asar. Zainabu na roƙon a mayar mata da fankarta.

Saura mako biyu Salla. Mun ji kana tafe, kuma gari duka ya ji, na tabbatar da haka. Masu tsayuwa a bakin masallaci za su tsaya. Abu ɗaya nake so ka gaya mini tun da wuri don mu shirya tabarma. Ranar da za ka shigo Affala kana tuƙi, a wane gefen hanya kake so mu zaunar da Gwaggo, don motar ta faɗo ta wajen idon da ke gani?

Taubashiyarka,
Raƙiya